Shin ƙwaƙwalwata ce ta lalace? Amsa ga wani ɗan kasuwar albasa a Sakkwato

Wasiƙar da ta iso mini daga cikin garin Sakkwato tana da tsawo, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekaruna 29, ina sarin albasa daga ƙauyukan Wurno da Gwaranyo ina aikawa kudu. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ɗawainiyar gida duka ta dawo kaina. Wata huɗu bayan haka, ina tsaye a kasuwa ana loda mota, sai zuciyata ta kama bugawa kamar za ta fasa ƙirji, numfashina ya sarƙe, yatsuna da leɓɓana suka yi kamar ana tsira musu allura, har na sakankance mutuwa ce ta zo. An kai ni asibiti, an gwada zuciya da jini, aka ce lafiyata ƙalau. Abin ya sake dawowa sau da yawa, kuma tun daga ranar nake kwana nake tashi cikin zullumi. Na daina zuwa kasuwa, ƙanena nake aikawa, ranar Juma'a kuwa bakin ƙofar masallaci nake zama don in samu hanyar fita. Kawuna ya ce raunin imani ne, Inna ta ce iska ce ko sammu. Wani abokina yana ba ni ƙwayar diyazifam in sha da dare. Kwanan nan na karanta a waya cewa masu irin wannan ciwo jijiyoyin da suka haɗa sassan ƙwaƙwalwarsu ne suka yi rauni. Shin ƙwaƙwalwata ta lalace ke nan har abada? In tara kuɗi in je a ɗauki hotonta?"

Wa alaikumus salamu, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya kuma ba ka ikon riƙe amanar da ya bar maka. Bari in fara da tambayar da na san ita ce ke hana ka barci: babu wani abu a cikin wasiƙarka da yake nuna ƙwaƙwalwarka ta lalace. Likitan da ya zauna da kai ne kaɗai zai sa wa ciwonka suna, amma abin da ka siffanta ya yi kama ƙwarai da ciwon fargaba mai zuwa da farmakin firgita, wanda ba baƙon abu ba ne a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwukan fargaba, wato kusan mutum 4 cikin kowane 100, kuma cikin masu buƙatar magani kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai yake samunsa. Abin da ka karanta a waya yana da tushe, sai dai rabin labarin aka ba ka, kuma rabin da aka bari shi ne wanda zai amfane ka.

A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen saitin kunnuwa, akwai wasu 'yan curi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne bai wuce girman ƙwallon dabino ba, waɗanda masana suke kira amigdala. Ka ɗauke ta a matsayin mai gadin da ke kwana a zaure: aikinta shi ne ta hango haɗari ta yi kururuwa, ba tare da ta tsaya bincike ba. Wani masani a Jami'ar New York ta Amurka, Joseph LeDoux, ya shafe shekaru yana nazarin yadda ɓeraye suke koyon tsoro, ya nuna cewa saƙon haɗari yana isa amigdala ta hanya biyu, ɗaya gajeriya mai sauri wadda take kai labari a gurguje, ɗaya kuma doguwa wadda take bi ta sassan da ke tantance abin da aka gani ko aka ji. Shi ya sa idan kana tafiya da magariba a bakin fadama ka ga wani abu a miƙe cikin ciyawa, za ka yi tsalle da baya tun kafin ka gane cewa igiya ce aka yar. Da zarar mai gadin nan ya yi kururuwa, wasu halittu da ke zaune a saman ƙoda suna zuba sinadarin adirenalin a cikin jini, sai zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya yi gajarta, baki ya bushe, gumi ya keto, ciki ya murɗa, domin jiki yana shirin gudu ko faɗa. Hatta tsirar allurar da ka ji a yatsu da leɓɓa tana da bayani: idan mutum yana numfashi da sauri fiye da buƙata, yana fitar da iskar kabon da ke cikin jininsa fiye da kima, wannan kuwa yana kawo jiri da ɗaurewar yatsu. Abu ne mai tsoratarwa matuƙa, amma farmakin firgita shi kansa ba ya tsayar da zuciya mai lafiya, kuma yawanci yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka.

Maigidan da ake yi wa wannan kururuwa yana zaune ne a bayan goshi. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa shi ne mai auna al'amura, mai tuna abin da ya faru jiya, mai iya cewa "na duba, igiya ce, koma ka kwanta". Tsakanin maigidan nan da mai gadinsa akwai turba, wato damin jijiyoyi da ke ɗaukar saƙo kai da komowa, babba daga cikinsu yana lanƙwasa kamar lauje daga gefen kai zuwa ƙasan goshi. Wannan turbar ce aka ba ka labari. A 2009 wasu masu bincike biyu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Justin Kim da Paul Whalen, sun auna ta da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a jikin mutane masu lafiya, suka ga cewa waɗanda turbar tasu ta fi ƙarfi su ne suka fi ƙarancin fargaba a ɗabi'arsu. A 2012 wani bincike a Jami'ar Wisconsin ya sami irin wannan rauni a cikin masu ciwon zullumin da ba ya yankewa. A Jami'ar Stanford kuma, Amit Etkin da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka sa irin waɗannan marasa lafiya aikin da ke tayar da hankali, sashen gaba ba ya kwantar da amigdala yadda yake yi a wurin sauran mutane. Ma'anar duk wannan ita ce, a wurin mai fargaba muryar mai gadi tana isa da ƙarfi, amsar maigida kuwa tana isa a makare, ko ta isa da rauni.

To amma ka lura da abu biyu. Na farko, waɗannan sakamako matsakaicin taron mutane ne. Idan aka jera hotunan masu fargaba da na waɗanda ba su da ita, za a ga sun cakuɗe sosai, kuma babu likitan da zai kalli hoton mutum ɗaya ya ce wannan yana da ciwon fargaba. Ana gane ciwon ne ta hanyar zama da mutum a saurari labarinsa. Saboda haka kuɗin da kake son tarawa don hoton ƙwaƙwalwa ka bar su a cikin jarinka, sai fa idan likita da kansa ya ga wata alama ta daban da ta sa ya nema. Na biyu, binciken da ya auna mutane sau ɗaya ba zai iya faɗin wanne ya riga wanne ba, raunin turbar ne ya haifi fargaba, ko kuwa daɗewa cikin fargaba ne ya sa turbar ta yi rauni. Gado yana da nasa kaso, haka abin da mutum ya gani yana yaro, haka nauyin da ke kansa a yau. Kai kuwa ka binne mahaifi, ka wayi gari da bakuna masu jiran abinci daga hannunka, kuma sana'arka ta kayan da ke ruɓewa ce, wadda farashinta yake iya karyewa mota tana kan hanya. Ban yi mamaki ba da mai gadinka ya daina barci.

Kada kuma ka yi fatan a ce an cire maka shi. Akwai wata mata a Amurka da masana a Jami'ar Iowa suka daɗe suna nazari, wadda wata cuta ta gado mai wuyar samu ta lalata mata amigdala duka biyu. Ba ta tsoron maciji, tana ɗaukarsa da hannu, kuma ta sha faɗawa hannun miyagu saboda ba ta jin gargaɗin da sauran mutane suke ji. Tsoro rahama ne da Allah ya sanya don tsare rai. Abin da kake buƙata shi ne maigida ya dawo da iko a gidansa, a riƙa jin maganarsa a zaure.

A nan ne rabin labarin da ba a ba ka ba yake. Turbar da ke cikin ƙwaƙwalwa irin turbar gona ce: wadda ake bi kullum tana fita fes, wadda aka daina bi kuwa damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Masana sun gano cewa idan dabba ko mutum ya koyi tsoron wani abu, sannan ya riƙa haɗuwa da abin sau da yawa ba tare da wani sharri ya biyo baya ba, tsohon tsoron ba ya gogewa, sai dai a rubuta sabon darasi a kansa, darasin da ke cewa "nan wurin lafiya ne". Sashen gaba na ƙwaƙwalwa ne yake riƙe wannan sabon darasi, kuma ta wannan turba yake aika shi ya danne kururuwar amigdala. Ka san yadda hadda take: ba a kama ta da karatu ɗaya, kuma wanda ya bar tilawa za ta kuɓuce masa. Haka wannan darasi yake, sai da maimaici.

Yanzu dubi abin da ke faruwa duk ranar da ka aiki ƙanenka kasuwa. Gabanka yana faɗuwa da asuba, ka ce masa ya je, nan take ka ji sanyi a ranka. Wannan sanyin shi ne tarkon, domin abin da ƙwaƙwalwarka ta koya a ranar shi ne cewa kasuwa wurin halaka ce, kuma rashin zuwa ne ya cece ka. Maigida bai samu damar zuwa ya gani da idonsa ba, ballantana ya ce wa mai gadi ya yi kuskure. Haka zaman bakin ƙofar masallaci: duk Juma'ar da ka fita lafiya, ƙwaƙwalwa tana jingina lafiyar ga ƙofa. Ba na zarginka da ragwanci, domin kowane mai rai yana gudun abin da ya taɓa jin mutuwa a cikinsa. Amma ina so ka gane cewa gujewar nan ita ce abincin ciwon, kuma idan aka bar ta takan faɗaɗa, yau kasuwa, gobe tasha, jibi ƙofar gida.

Shawarata ita ce ka koma kasuwa, amma da tsari, ba da ƙarfin hali na rana ɗaya ba. Tunda an gwada zuciyarka an ce lafiya, fara da abin da yake tsorata ka kaɗan: ka bi ƙanenka har bakin kasuwa da sanyin safiya, ka tsaya nan. Fargaba za ta taso, ka bar ta ta taso, ka tsaya a wurin har ka ji ta fara sauka da kanta, ko da hakan zai ɗauki rabin awa. Idan ka gudu tana kan ganiyarta, tsohon darasi ka ƙarfafa. Idan ka tsaya har ka ga abin da kake tsoro bai faru ba, sabon darasi ka rubuta. Ka maimaita wannan kwana da kwanaki har ya zama ba komai, sannan ka shiga har rumfarka, sannan ka zauna a yi ciniki ɗaya a gabanka, daga baya ka tsaya a daidai inda abin ya fara kama ka, lokacin da ake loda mota. A masallaci ma haka, kowace Juma'a ka matsa sahu ɗaya ko biyu gaba. Za a sami ranar da abin zai dawo kamar ba ka taɓa yin komai ba. Wannan ɗabi'ar ciwon ce, ka koma washegari. Wannan hanya ita ce ƙashin bayan maganin da masana halayyar ɗan Adam suke yi ta hanyar gyaran tunani da aiki, kuma ta fi sauƙi da inganci idan da ƙwararre a tare da kai yana jagora.

Idan farmakin ya zo, kada ka yi ta haƙilon jan iska, domin iska ba ta yi maka ƙaranci ba. Ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja shi, kamar mai hura wa yaro kunu. Fitar da numfashi a tsanake tana taimaka wa jijiyoyin da ke rage gudun zuciya. Sannan ka kira abin da sunansa, ko a zuci ko a fili: "wannan firgita ce, na san ta, ta zo a baya ta wuce". A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun nuna cewa idan mutum ya sa wa abin da ke fuskar mai fushi ko mai tsoro suna, motsin amigdala yana raguwa, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa kuma yana ƙara aiki. Faɗin abu da baki tamkar tayar da maigida ne daga barci.

Barci kuwa ka riƙe shi da muhimmanci kamar yadda kake riƙe jari. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana wasu matasa masu lafiya barci na kusan awa 35, sannan suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Amigdalarsu ta motsa da kusan kashi 60 cikin 100 fiye da ta waɗanda suka yi barci, haɗinta da gaban ƙwaƙwalwa kuma ya yi sako-sako. Dare ɗaya ya isa ya raunana turbar da kake tsoron ta lalace har abada, abin da ke nuna maka cewa ƙarfinta yana hawa yana sauka. Na san barci a Sakkwato cikin watan Afrilu da Mayu jihadi ne, musamman idan babu wuta, amma abin da ke hannunka ka gyara: ajiye waya bayan isha'i, rage goro da shayi mai kauri da kofi da lemukan ƙara kuzari, musamman daga la'asar, domin sinadarin kafin da ke cikinsu yana sa zuciya bugawa irin bugun da kake tsoro. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, tana rage fargaba, tana kuma koya wa jikinka cewa zuciya tana iya yin sauri ba tare da wani abu ya faru ba.

Batun ƙwayar abokinka shi ne ya fi damuna a wasiƙarka. Diyazifam tana kwantar da hankali cikin ɗan lokaci, amma jiki yana sabawa da ita cikin makonni kaɗan, sai ya nemi ƙari, kuma tana iya hana ƙwaƙwalwa kama sabon darasin da muke magana a kai, saboda za a jingina lafiyar ga ƙwaya. Idan ka jima kana shan ta kullum, kada ka yanke ta rana ɗaya, domin yankewar gaggawa tana iya kawo fargaba mai tsanani har da jijjiga. Ka faɗa wa likita gaskiyar nawa kake sha da tun yaushe, shi zai rage maka ita a hankali. Akwai magungunan da aka fi amincewa da su don wannan ciwo, irin su sataralin da fuloksetin, waɗanda ba sa bugarwa, amma sai sun yi makonni kafin a ga amfaninsu, wani lokaci ma fargabar takan ɗan ƙaru a kwanakin farko, don haka likita ne zai rubuta su ya kuma riƙa bibiya. A 2002 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun yi wa masu tsoron magana a gaban jama'a magani na mako 9, wasu da ƙwaya wasu da gyaran tunani, kuma a cikin waɗanda suka samu sauƙi ta kowace hanyar an ga motsin amigdala ya ragu. Kana da sa'a, taimakon yana kusa da kai: akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai kuma asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Na san abin da mutane suke cewa idan an ji an kai wani Kware, kuma ina jin zafin wannan magana, domin ta hana bayin Allah da yawa maganin da zai mayar da su bakin sana'arsu. Asibitin yana ganin masu damuwa, da masu rashin barci, da masu farfaɗiya, waɗanda suke zuwa da ƙafarsu su ga likita su koma gida a ranar.

Kawunka da Inna ƙauna ce ta sa su magana, kada ka yi jayayya da su. Ga Kawu, cikin ladabi, ka tuna masa cewa Alƙur'ani a Suratu Ɗaha ya ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa ranar haɗuwa da masu sihiri, Allah kuma ya kwantar masa da hankali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ka riƙe wannan addu'a safe da yamma, domin ta taɓa duk abin da ke kanka. Ga Inna kuwa, ka karɓi addu'arta da tofinta da hannu biyu, ka kuma roƙe ta ta sa maka albarka a zuwa asibiti, tunda ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A wannan ƙasa ta Shehu neman magani ba baƙon abu ba ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a Wurno, garin da kake sarin albasa, ya rubuta littattafai a kan likitanci. Abin da kawai ba zan yarda da shi ba shi ne a kai ka inda za a ɗaure ka, ko a doke ka, ko a hana ka maganin likita, ko a cinye maka jari da sunan karya sammu.

Ka kuma sauke wani abu daga cikin kayan da ke kanka. Ban ga inda ka ce ka zauna da wani ka yi maganar mahaifinka ba tun bayan zaman makoki, kuma ina zaton kai ne wanda kowa yake jingina da shi, kai kuwa ba ka da wurin jingina. Samu mutum ɗaya mai riƙe sirri, ko cikin 'yan uwa ko cikin malamanka, ka faɗa masa abin da kake tsoro game da gidan nan, sannan ka zauna da ƙannenka da suka tasa ku raba ɗawainiya a fili.

Idan wata rana ka ji ciwon ƙirji da ke zuwa lokacin aikin ƙarfi, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko ka suma, to ka tafi asibiti nan take, kada ka ce fargaba ce. Haka kuma idan zuciyarka ta fara raya maka cewa gara mutuwa, ka faɗa wa na kusa da kai a ranar, ku tafi wurin likita tare. Ranar da za ka je, ka tafi da takardun gwajin da aka yi maka, da kwalin ƙwayar abokinka, da 'yar takarda da ka rubuta ranakun da farmakin ya zo, da inda kake, da abin da ka ci ko ka sha kafin nan. Ka tambayi likita ko an duba maka tayirod, halittar nan da ke maƙogwaro, da yawan jini da sukari, domin matsalarsu tana iya kwaikwayon fargaba. Bayan wata biyu ka sake rubuto mini, ina so in ji sahu na nawa ka kai a masallacin Juma'a.